Albam ɗin rok mai nauyi a Gombe: yaya ake ɗaukarsa, yaya ake sakinsa?

Jita_Tumfure:

Assalamu alaikum manya da abokan sana'a. Mu huɗu ne a Gombe: mai waƙa, mai jita, mai bes da mai gangar jaz. Kiɗan rok mai nauyi muke yi, irin wanda jita ke gurnani, amma baitocinmu da Hausa suke. Muna da waƙoƙi takwas da muke so su zama albam.

Situdiyon da muke da damar shiga ɗaki ne mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 da rabi, tayil a ƙasa, rufin kwano da silin. Akwai laftof mai manhajar kiɗa FL Studio, saunkad, wato akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, Scarlett 2i2 mai ƙofa biyu, makirufo kwandensa guda ɗaya, da sifikun sauraro biyu. Mai situdiyon gwani ne a waƙar fiyano, amma bai saba ɗaukar ganga da jita kai tsaye ba.

Abubuwa uku ne suka tsaya mana. Na ɗaya, idan muka haɗa jita da fedal ɗin distoshan, mai sa jita gurnani, zuwa saunkad, abin da ke fitowa kamar an taɓo gidan zuma ne, babu kauri ko kaɗan, ga wani ƙugi a ƙarƙashi da ba ya yankewa. Na biyu, ganga da makirufo ɗaya tana fitowa da ƙarar farantan ƙarfen da ke jikinta kawai, babbar gangar ƙafa ta ɓace. Na uku, in an gama, ta wace hanya ake sakin albam ya shiga Spotify da Audiomack da sauransu ba tare da an cuci kowa a cikinmu ba? A taimaka mana da bayani dalla-dalla.

Injiniya_Yelwa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan fara da abin da ba ka tambaya ba, domin shi ne ke kashe yawancin irin wannan aiki. A waƙar fiyano kwamfuta ce take buga kiɗan, kuma ba ta kuskure. A rok mutane ne ke bugawa, kuma makirufo zai ɗauki duk abin da hannunsu ya yi. Saboda haka kafin ku biya kuɗin situdiyo, ku ajiye waya a tsakiyar wurin atisaye ku ɗauki waƙoƙin nan takwas daga farko zuwa ƙarshe. Ku zauna ku saurara tare. Kowace waƙa a rubuta mata saurinta da lamba, misali bugu 96 ko 132 a minti, da mabuɗinta, da yawan zagayen baiti da amshi, da inda jita za ta yi solo da tsawonsa. Duk waƙar da ba za ku iya bugawa sau uku a jere ba tare da wani ya ɓata ba, ba ta isa ɗauka ba tukuna. Gara albam mai waƙa bakwai da suka nuna a kan takwas da ɗaya ɗanya a ciki.

Tsarin ɗauka shi ne ganga da farko, tana bin jita da muryar gwaji, sai bes, sai jitocin rakiya, sai solo, murya a ƙarshe. A sa aikin a kan bit 24 da 48 kHz tun ranar farko kuma kada a sake taɓa wannan saitin. Kowane layi ya riƙa kaiwa tsakanin -12 zuwa -6 dB, a ma'aunin ƙarfin sauti, a bugu mafi ƙarfi. Idan fitila ta yi ja a lokacin ɗauka, sautin ya fashe ke nan, da wuya fulogi, wato ƙaramar manhajar gyaran sauti, ya ɗinke shi sarai.

Yanzu maganar ganga. Saunkad mai ƙofa biyu ba zai yi muku wannan aikin yadda ake so ba, kuma ɗakin nan ma bai dace ba. Ɗaki mai tsawon mita 4 yana kumbura sauti a wajen 43 Hz da 86 Hz, kuma ƙaramar lambar Hz tana nufin sauti mai kauri. Tsirkiyar bes mafi kauri tana wajen 41 Hz, ta jita tana wajen 82 Hz, wato daidai inda ɗakin yake yi muku ƙarya. Tayil da bangon siminti kuma suna maido ƙarar faranti cikin makirufo daga kowane ɓangare, shi ya sa kuke jin su kaɗai. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya maganin wannan. Abin da ke aiki shi ne abu mai kauri: katifu a jingine a kusurwoyi, bargo mai nauyi a rataye da ɗan tazara daga bango, kafet a ƙarƙashin ganga, ko allunan audugar dutse masu kaurin santimita 10 in da hali.

Shawarata ita ce ku ware kwana ɗaya ko biyu na ganga kaɗai a wuri mai faɗi da dogon rufi, kamar zauren taro ko ɗakin atisayen mawaƙan coci idan sun amince. Ku yi hayar miksa Behringer X32 daga masu kayan sauti na biki. Tana aika kowane makirufo a layinsa daban zuwa laftof ta USB, har layi 32. In ba a samu ba, saunkad mai ƙofa huɗu kamar UMC404HD ya wadatar, da tsarin da ake jingina wa Glyn Johns, injiniyan da ya ɗauki albam ɗin farko na Led Zeppelin a situdiyon Olympic na Landan a 1968. Makirufo ɗaya a sama, kimanin mita 1 daga tsakiyar siniya, wato ƙaramar gangar nan mai tsattsauran sauti, yana kallon ƙasa. Na biyu a gefen babban tom na ƙasa, wato gangar da ke tsaye a gefen mai bugu, ɗan sama da bakinsa, yana kallon siniya. Na uku a cikin gangar ƙafa, irin su Beta 52A ko D112. Na huɗu SM57 a bakin siniya, yatsu biyu ko uku daga fata.

Sirrin tsarin nan yana cikin awo. Ka ɗauki igiya, ka dafe bakinta a tsakiyar siniya, ka auna zuwa makirufo na sama, sannan ka juya da wannan tsawon zuwa na gefe. Dole su zo daidai. Sauti yana tafiyar santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kuma bambancin wannan tsawon tsakanin makirufo biyu ya isa ya cinye sauti a wajen 500 Hz idan aka haɗa su. Shi ne sai ka ji siniya ta rame ba ka san dalili ba. Bayan an jera, a danna maɓallin juya fuskar sauti a layin gangar ƙafa da na siniya ɗaya bayan ɗaya, a bar shi a inda aka fi jin kauri. Idan an ƙara makirufo a ƙarƙashin siniya, kusan kullum sai an juya nasa.

Layi takwas na minti biyar yana cin wajen megabait 350 a kowace ɗauka. Ku tanadi hadis biyu, a kwafe aikin kowace rana kafin a tashi. Game da manhaja, FL Studio yana ɗaukar sauti, amma gyaran layukan ganga da yawa a tare ya fi sauƙi a Reaper ko Cubase. Reaper yana ba da kwana 60 na gwaji kyauta.

Baban_Ganga:

Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma akwai wurin da zan ƙara nauyi. Ganga mai tsohuwar fata ko da makirufo goma aka kewaye ta ba za ta yi daɗi ba. Yaro, in kuɗinku bai kai ku sauya duka ba, ku sayi sabuwar fatar saman siniya da ta gangar ƙafa. A ɗaura su kwana biyu kafin ɗauka domin su zauna. Wajen ɗaure su ana bin kusoshi ne gicciye, wannan sai na gabansa, rabin juyi kowane, ana ƙwanƙwasa kusa da kowane kuso har sautinsu ya zama ɗaya. A cikin gangar ƙafa a sa matashi ƙarami yana ɗan taɓa fatar, kada a cusa kaya har ta toshe. Idan siniya tana dogon amo, ɗan salatif da tishu a gefen fata ya isa. A zuba mai a fedal, domin kukan da ba ka ji a wurin biki makirufo zai ji shi sarai.

Sai hannun mai bugu. Masu ganga da suka taso a coci ko a bikin aure sun saba dukan faranti da ƙarfi saboda a ji su a cikin jama'a. A situdiyo akasin haka ake so: a daki ganga da ƙarfi, a sassauta wa faranti. Da makirufo huɗu babu yadda za a rage faranti daga baya ba tare da an rage tom ba, don haka mai bugun ne yake haɗa sautinsa da hannunsa. Kuma ya riƙa dukan siniya a wuri ɗaya, da ƙarfi ɗaya.

Maganar kilik, wato agogon da ke bugawa a kunne: ya yi atisaye da shi na akalla makonni kafin ranar. Wanda ya fara haɗuwa da kilik a ranar ɗauka zai ƙage, kiɗan ya fito a sandare. Alamar ya iya ita ce kilik ɗin ya ɓace masa a kunne saboda bugunsa na sauka a kansa. Wurin da ake gudu kusan kullum shi ne jujjuyawar tom kafin shiga amshi, a kula da nan. Idan kuwa ƙungiyar ta fi daɗi ba kilik, ana iya ɗaukar kowa a tare a bar saurin ya numfasa, sai dai ku sani ba za a iya yanko amshin ɗauka ta biyu a dasa a ta farko cikin sauƙi ba.

Zan faɗi abin da wasu ba sa so. In mai gangarku bai kai ba, ko babu kuɗin hayar wuri, ku yi amfani da gangar kwamfuta irin su EZdrummer ko MT Power Drum Kit wadda take kyauta, amma shi mai gangar ya zauna a tsara ta yadda yake bugawa. Kada a sa kowane bugu a ƙarfi 127, wato ƙurewar ƙarfi, kada kuma a tsara abin da sai mai hannu uku zai iya. Wannan ya fi gangar gaske da aka ɗauka a gurguje. Amma ni a wurina zaɓi na biyu ne, domin abin da ke sa rok ya motsa mutum shi ne ɗan ja da sakin da ke tsakanin mai ganga da mai bes.

Ku duba lokaci ma. Da damina ruwa a kan kwano zai tsayar da aiki. A Maris da Afrilu kuma dole a kashe fanka lokacin ɗauka, ga zafin Gombe, don haka a yi minti ashirin a huta. A tsara ɗauka tsakanin lokutan kiran salla, a kuma gaya wa maƙwabta tun da wuri. Kowa ya toshe kunnensa da abin toshewa, domin gangar jaz a kusa tana wuce 100 dB, kuma a wannan ƙarfin minti 15 ne iyakar abin da masana lafiyar kunne ke cewa a jure a rana.

Jita_Tumfure:

Na gode Baba, na gode Injiniya, Allah ya ƙara basira. Za mu nemi X32 ɗin. To maganar jitar fa? Ba mu da babbar amfilifaya, fedal ne kawai da wata ƙaramar amfi ta atisaye mai sifika inci 8. Kuma mai waƙarmu yana ƙorafin cewa da jita ta shigo ba a jin kalmominsa.

Mai_Gyaran_Jita_Wunti:

Ɗan'uwa, dalilin zumar nan ɗaya ne. Distoshan yana haifar da tsinin sauti har sama da 10 kHz. A wurin wasa ba ka jinsa saboda sifikar jita mai inci 12 tana yanke kusan duk abin da ya haura 5 kHz. Ku kun cire sifikar daga hanya, kun kai fedal kai tsaye cikin saunkad. Magani shi ne a maido ta, ko ta gaske ko ta kwamfuta.

Hanyar da ta fi dacewa da ku: ajiye fedal, sa jita kai tsaye a saunkad, danna maɓallin INST, ka ɗauki sautinta tsirara. A kan layin sai a ɗora fulogin amfi, Neural Amp Modeler kyauta ne kuma yana da kyau, a bayansa a ɗora hoton sautin akwatin sifika da ake kira IR, misali na akwati mai sifika huɗu Celestion Vintage 30. Amfanin ɗaukar sauti tsirara shi ne ana iya sauya amfi ranar miksin, wato haɗa layukan sauti, ba tare da an sake bugawa ba. A sa bafa, wato saitin da ke rage ko ƙara jinkirin sauti a manhaja, a 64 ko 128 lokacin ɗauka domin kada sauti ya makara wa mai bugu. Ƙaramar amfin nan ta inci 8 a bar ta wa atisaye. In kun samu aron babba, SM57 a gaban sifika ɗaya, kusan manne da raga, a daidai inda murfin tsakiya ya haɗu da kwanon takarda. Matsawa tsakiya na ƙara kaifi, matsawa gefe na ƙara duhu.

Ka rage gen ɗin, wato yawan gurnanin amfi. Kowa yana ɗauka yawansa ne nauyi, alhali yawansa yana murƙushe bugun ne har a kasa bambance wannan kod da wancan. Ka kai shi inda kake so, sannan ka dawo da shi baya da kashi ɗaya cikin uku. Nauyi yana zuwa ne daga abu biyu. Na farko a buga jitar rakiya sau biyu, ɗauka daban-daban, a kai ɗaya hagu can, ɗaya dama can. Kwafe layi ɗaya zuwa biyu ba ya ba da faɗi, ƙara kawai yake ƙarawa. Na biyu bes. Abin da kunne ke ɗauka kaurin jita ne, yawancinsa bes ne da ke bin ta a ƙasa. A ɗauki bes ta akwatin DI, mai kai sautinsa kai tsaye zuwa saunkad, ko ƙofar INST, a raba layinsa biyu, na ƙasa a bar shi tsaf, na sama daga wajen 300 Hz a sa masa ɗan gurnani domin a ji shi a sifikar waya.

Sababbin tsirkiyoyi wajibi ne, a ɗaura su kwana ɗaya kafin ɗauka a jajja su da hannu. Tsirkiyoyi masu kaurin lamba 10 zuwa 46 sun yi wa saiti na yau da kullum. Idan kuna sauke tsirkiya mai kauri zuwa D, ku nemi mai 52 a ƙasa, in ba haka ba za ta yi laƙwas ta riƙa fita saiti duk lokacin da aka dake ta. A duba firet na 12, cikin sandunan ƙarfen da ke wuyan jita, da tuna, wato na'urar saita tsirkiya: in ya fi tsirkiya a sake tsini, a ja sirdin gada baya, in ya gaza, a turo shi gaba. Jita da bes su yi amfani da tuna ɗaya, kuma a saita kafin kowace ɗauka, ba kowace waƙa ba. Da hunturu itacen wuya yana bushewa ya motsa, tsirkiya ta fara gogar firet, bakin firet ya fito yana yankan hannu. Ƙarfen cikin wuya ana juya shi ne rubu'in juyi, a jira, a sake dubawa. Wanda bai saba ba ya kai wa mai gyara.

Ƙugin nan kuma na wuta ne, 50 Hz da 'ya'yansa 100 da 150. A jona duk kayan sauti a istenshan ɗaya daga soket ɗaya. A cire cajar waya, a kashe fanka da ƙananan ƙwayayen wuta masu arha. A gwada cire cajar laftof, in ƙugin ya tafi an gano mai laifi. Wuta mafi tsabta ita ce ta batir da inbata mai tsantsar sayin, ta fi janareta nesa ba kusa ba. Jita mai fikof, wato maganaɗisun ɗaukar sautin tsirkiya, na naɗi ɗaya tana jawo ƙugi, mai naɗi biyu tana kashe shi, kuma ita ce ta rok mai nauyi. In mai naɗi ɗaya kuke da ita, mai bugu ya juya kujerarsa a hankali har ya sami fuskar da ƙugin ya fi raguwa, ya zauna a haka. Ina roƙonku, kada kowa ya karya ƙafa ta uku ta fulogin wutar amfi don kashe ƙugi. Ita ce take kai wuta ƙasa idan wani abu ya lalace, in babu ita tsirkiyar da ke hannunka ce hanyar. Maɓallin ɗage ƙasa da ke jikin akwatin DI shi ne aka yi don wannan.

Injiniya_Yelwa:

Kan muryar. Baƙaƙen da ke sa a gane kalma suna zaune tsakanin 2 zuwa 4 kHz, kuma nan ne gurnanin jita ya fi cika. Rabin maganin a tsarin waƙa yake: a baiti jita ta danne tsirkiya da tafin hannu ko ta bar sarari, a amshi ta buɗe. Sauran a miksin: a yanke wa jitoci ƙasa da 90 Hz da sama da 9 kHz, a rage musu 2 ko 3 dB a wajen 3 kHz, murya a tsakiya tare da bes da siniya da gangar ƙafa. Mai waƙar da ke ɗaga murya sosai ya fi dacewa da makirufo dainamik kamar SM58 ko SM7B a irin ɗakinku, domin kwandensa zai ɗauko bangon tare da shi. A sa raga a gaba, saboda ƙ da ts da b suna harba iska.

Akwai abin da ya shafi Hausa kanta. Harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere. Idan aka ɗauko karin waƙar Turawa aka tilasta wa baitin Hausa ya bi shi, mai sauraro zai ji ƙarar murya amma ya kasa kama maganar. Mai waƙa ya fara faɗin baitin da baki yadda ake magana, sannan a gina karin a kan hawa da saukar da ke ciki, ko da za a sauya bugun jita saboda shi. Otatun, wato manhajar gyara murya, da aka saba ƙurewa a waƙar fiyano a sassauta shi ƙwarai, a gyara kalmar da ta kauce kawai. A ɗauki waƙa sau uku ko huɗu, a zaɓi mafi kyawun kowane layi, a ninka amshi.

Kada kuma ku ɗauka dole komai ya zauna a bugu huɗu-huɗu. Kiɗanmu cike yake da shida-bisa-takwas, kuma jita mai gurnani tana hawansa da kyau. Ku saurari yadda Mdou Moctar na Nijar yake yi da kiɗan Abzinawa. In za ku sa kalangu, a ɗauke shi bayan ganga da makirufo dainamik, kuma a rage jujjuyawar tom a inda yake magana, don wuri ɗaya suke zama. Idan an gama miksin, a saurare shi a sifikar waya, a ƙaramar sifikar bulutut da cikin mota, a kuma haɗe hagu da dama a ji ko jitoci sun ɓace.

Anti_Mai_Rarraba:

Sannunku da ƙoƙari, ƙannena. Ni zan ɗauki tambaya ta uku, kuma farkonta takarda ce, tun kafin a ɗauki ko bugu ɗaya. Kowace waƙa tana da haƙƙi biyu: na wanda ya tsara baiti da kari, da na sautin da aka ɗauka. Ku rubuta wa kowace waƙa takardar rabo mai sunan kowa da kasonsa, kowa ya sa hannu da kwanan wata. Mai situdiyo, mai kalangu da duk wanda aka gayyato a rubuta ko an biya shi ne an sallame shi, ko yana da kaso. A rubuta wa ke da sunan ƙungiya idan wani ya fita. Ana jin nauyin wannan magana tsakanin abokai, amma lokacin da babu kuɗi a tsakani shi ne lokacin da ta fi sauƙi. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 haƙƙinku yana tabbata da zarar an ɗauki aikin, rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya shaida ce da za ta taimaka ranar rigima. Don kuɗin sa waƙa a rediyo da wuraren taro akwai ƙungiyar MCSN mai karɓo wa mawaƙa haƙƙinsu.

Mastarin, wato gyaran ƙarshe bayan miksin, a ba wani kunne daban, a aika masa miksin a WAV bit 24 wanda bai wuce -6 dB ba, babu limita mai matse ƙara a kai. Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS a ma'aunin ƙarar waƙa, don haka matse albam har ya rasa numfashi ba zai sa ya fi na kowa ƙara ba, siniya kawai zai kashe. A bar ƙololuwa a -1 dB. A yi dukkan waƙoƙin a zama ɗaya domin su zo da ƙara ɗaya da launi ɗaya, a nan ne kuma ake tsara jerinsu da tazarar da ke tsakani. Ta farko ta zama mai kama mutum da wuri, domin sai an saurari sakan 30 ake lissafa saurare ɗaya.

Ba a ɗora waƙa a Spotify ko Apple Music kai tsaye, sai ta hannun mai rarrabawa. DistroKid da TuneCore kuɗin shekara suke karɓa, kuma a wasu tsare-tsaren in an daina biya waƙoƙin na iya sauka. CD Baby sau ɗaya ake biya, sai su riƙe kashi 9 cikin ɗari. Kafin ku zaɓa ku tabbatar da yadda kuɗi zai iso asusunku a Najeriya. Za su ba kowace waƙa lambar shaida ta ISRC, albam kuma lambar shaida ta UPC, ku adana su. Hoton bango ya zama murabba'i, 3000 sau 3000, babu lambar waya ko adireshin intanet a jiki, in ba haka ba za a maido shi. Waƙa bakwai zuwa sama, ko abin da ya wuce minti 30, shi ake lissafawa albam, don haka naku ya shiga. Sunan ƙungiya a rubuta shi iri ɗaya a ko'ina. Sunayen waƙoƙi masu ƙ da ɗ da ɓ a duba yadda suka fito kafin a tura, kuma a YouTube a ƙara rubutun da babu lanƙwasa a cikin bayani, domin haka mutane ke nema.

Tsarin lokaci: waƙa ɗaya ta fita makonni shida zuwa takwas kafin albam, ta biyu makonni uku kafin shi. Idan za a ɗora albam a yi amfani da ISRC ɗin da suka fita da shi da fayil ɗin sauti iri ɗaya, sai adadin saurarensu ya bi su. A miƙa albam ga mai rarrabawa makonni huɗu kafin rana. Ranar ta zama Juma'a, ita ce ranar sakin waƙa ta duniya tun 2015. A Spotify for Artists ana gabatar da waƙa ɗaya ga masu tsara jerin waƙoƙi akalla kwana 7 kafin fita. Ku sani tun 2024 waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin watanni 12 ba, ba a biyan kuɗin sautinta a can.

Shi ya sa nake cewa kada ku jingina da can kaɗai. Masu sauraronku na farko suna Audiomack, inda za ku ɗora da kanku kyauta, da Boomplay, YouTube, TikTok da WhatsApp, da shagunan masu tura waƙa a memori. Ku ba masu turawar MP3 mai kyau da hannunku, da suna da hoto a jiki, domin in ba ku ba su ba za su samo gurɓatacce. A yanka guntaye na sakan 20 zuwa 30 daga amshi da solo tare da bidiyon ana bugawa da gaske, ganin hannu a kan jita yana jan mutanen da ba su saba da irin kiɗan ba. Gidajen rediyo kamar Progress da Amana a Gombe ko Globe da Albarka a Bauchi a kai musu waƙar da ba ta wuce minti huɗu ba. Ƙaddamarwa kuma a kauce wa azumi da lokacin jarrabawa, a nufi inda ɗalibai suke, Jami'ar Jihar Gombe, Jami'ar Tarayya ta Kashere, ATBU ta Bauchi, a nemi izinin wurin a rubuce.

Baban_Ganga:

Anti ta tuna min abu ɗaya. Ranar da aka gama miksin, ku karɓi fayilolinku daga situdiyo: kowane layi a WAV daga sakan na farko, da sautin jita tsirara, da kowace waƙa iri uku, cikakkiya, marar murya, da murya kaɗai. Marar muryar ita za a nema in mai fim ko mai talla ya so kiɗan. A sa wannan sharaɗin a cikin takardar da za ku yi da mai situdiyo, kuma kwafi ɗaya ya kwana a gidan da ba na mai laftof ɗin ba.